Adon Gida: Kifin Kuli, Mai Kama da Maciji Amma Ba Ya Sara

 

A wannan watan za mu leƙa cikin akwatin gilashin nan da ake kiwon kifin ado a falo, mu tattauna a kan wani ɗan kifi da ake kira kuli. Masu sayar da kifin ado suna rubuta sunansa da Turanci kuhli loach. Duk wadda ta fara ganinsa sai gabanta ya faɗi, domin dogo ne siriri mai zane-zane, yana tafiya yana lanƙwasa tamkar ɗan maciji. Alhali kuwa kifi ne mai sanyin hali, ba ya sara, ba shi da dafi, ba ya neman kowa da faɗa.

Kukan da aka fi ji daga masu sayensa guda biyu ne. Wata ta ce ta saya ta zuba a akwati, tun daga ranar ba ta sake sa shi a ido ba. Wata kuma ta ce an sayar mata da shi a kan kuli ne, ga shi ya yi ta girma har ya haɗiye mata sauran kifayen. Duka biyun maganinsu ɗaya ne, wato ki san kifin, ki san irin zaman da ya saba, tun kafin kuɗi su bar jakarki.

Daga ina ya fito?

Kuli ɗan kudu maso gabashin Asiya ne. Ana samun danginsa a Indunusiya, musamman tsibiran Jaba da Sumatara da Boniyo, da kuma Malesiya da Tailan da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. Sunan nasa ba shi da haɗi da ƙuli-ƙulinmu. Sunan wani Bajamushe ne masanin halittu, Heinrich Kuhl, wanda ya isa tsibirin Jaba a shekarar 1820 domin nazarin dabbobin wurin, ya rasu a can a 1821 bai cika shekara 24 ba. A shekarar 1846 wani masani Bafaranshe mai suna Achille Valenciennes ya rubuta bayanin wannan kifi, ya laƙaba masa sunan Kuhl domin tunawa da shi. Masana suna kiran dangin gaba ɗaya Pangio, kuma an san fiye da iri 30 a cikinsa.

A can garinsu, kuli yana zaune ne a ƙananan ƙoramu da fadamun cikin kurmi, inda ruwa ke tafiya sannu-sannu, bishiyoyi sun yi rumfa har rana ba ta isa ƙasa sosai. Ƙasan ruwan yashi ne mai laushi da taɓo, ga ganyaye da suka zubo suka taru suna ruɓewa, har ruwan ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Da rana sai su cusa kansu cikin ganyayen nan su yi lamo, su da yawa a wuri ɗaya. Idan duhu ya yi su fito kiwo.

Uwargida, ki riƙe wannan hoton a ranki: inuwa, yashi mai laushi, maɓoya, ruwa mai ɗumi, da 'yan uwa a kusa. Duk abin da za mu faɗa nan gaba daga nan ya samo tushe. Ki kuma tuna cewa mafi yawan waɗanda ake sayarwa daga dajin ake kamo su, su yi tafiyar dubban kilomita cikin leda kafin su iso shago, ga shi kuma ana ta sare irin waɗannan fadamu ana mayar da su gonakin kwakwar manja. Abin da ya sha wannan wahala kafin ya zo hannunki bai cancanci ya mutu cikin mako guda saboda sakaci ba.

Yadda za ki gane shi

Babban kuli tsawonsa santimita 8 zuwa 10 ne, wato kamar tsawon babbar yatsarki ta tsakiya ko ya ɗara kaɗan, kaurinsa kuwa bai wuce na fensir ba. Jikinsa ruwan goro ne ko ruwan ƙwai mai ɗan ja, da zanen baƙi ko ruwan ƙasa da ya ratsa ta gadon baya ya sauko gefe, wajen guda 10 zuwa 15. Cikinsa fari ne fat ko mai ɗan ruwan hoda.

Ki dubi kansa da kyau. Ƙarami ne mai dunƙulallen hanci, bakin yana kallon ƙasa, kewaye da gajerun gashin baki irin na tarwaɗa, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai. Da su yake laluben abinci a cikin duhu. Idanunsa ƙanana ne, kuma wata siririyar fata mai haske ta lulluɓe su, ita ke kare su in ya kutsa cikin yashi. A ƙarƙashin kowane ido akwai wata 'yar ƙaya da yake miƙar da ita idan ya tsorata. Ba ta da dafi, amma tana maƙalewa a raga. Saboda ƙayar nan ne tsofaffin littattafai ke kiran dangin Acanthophthalmus, ma'ana ƙayar ido.

Sai fiffiken baya. Na kuli ƙarami ne guda ɗaya, yana can baya nesa da kai, ya wuce rabin jiki. Wutsiyarsa kuma a ware take, ba ta haɗe da fiffiken baya ba. Wannan alama ita kaɗai za ta raba ki da yawancin ruɗanin da za mu ambata a ƙasa. Ɓawon jikinsa ƙanana ne ainun, sun nutse cikin fata, kansa kuma babu ɓawo sam, shi ya sa in kin gan shi sai ki ɗauka tsirarar fata ce.

Ire-irensa

A shekarar 1993 masana biyu, Maurice Kottelat da Kelvin Lim, sun yi bitar dangin Pangio na yankin Malesiya, a nan kaɗai suka bayyana sababbin iri guda 6. Yau masana sun karkata ga cewa ainihin Pangio kuhlii na tsibirin Jaba da wuya ake ganinsa a kasuwa, kuma wanda aka fi sayarwa da sunan kuli shi ne Pangio semicincta, wanda zanensa ke tsayawa a gefen jiki bai zagaya ciki ba.

Akwai Pangio myersi na Tailan da Kambodiya, ya fi sauran kauri, zanensa faffaɗa ne baƙi ƙirin, tsakaninsu siririn layi ruwan goro. Akwai Pangio oblonga da ake ce wa baƙin kuli, shi ba shi da zane ko ɗaya, ruwan ƙasa ne bai ɗaya kamar tana. Akwai Pangio anguillaris, siriri ƙwarai mai ruwan toka. Akwai Pangio shelfordii na Boniyo da Malesiya, wanda zanensa a tarwatse yake kamar an yayyafa. Sai ƙaraminsu, Pangio cuneovirgata, da ba ya wuce santimita 5.

Kada sunayen nan su ɗaure miki kai. Duk cikansu kulawa iri ɗaya suke buƙata, kuma suna zama lafiya tare. Amfanin saninsu shi ne kada a ƙara miki kuɗi da sunan wai wani baƙon kifi ne daban.

Kama da wane ba ta wane

Inda ake yin asara shi ne wajen kifayen da suka yi kama da kuli suna ƙanana, alhali ba danginsa ba ne ko kuma buƙatarsu ta sha bamban. Guda huɗu ne ya kamata ki kiyaye.

Na farko shi ne dojo, ɗan ƙasashen Sin da Japan da Koriya, inda har miya ake yi da shi. Ɗan uwan kuli ne na nesa, amma yana kai santimita 20 har fiye, jikinsa ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo ko ruwan zinari, gashin bakinsa guda 10. Shi ruwa mai sanyi yake so, wanda bai wuce digiri 25 ba, saboda haka zafin falonmu na watan Afrilu azaba ne a gare shi.

Na biyu su ne masu ƙayar baya, waɗanda masana ke kira Mastacembelus da Macrognathus. Hancinsu dogo ne mai tsini kamar ƙaramin haƙorin giwa mai motsi, bayansu jere da ƙayoyi. Wani irinsu mai jan zane yana iya kai mita guda. Da dare suke farauta, duk kifin da ya shiga bakinsu ya tafi.

Na uku kifin igiya ne, wanda ɗan ƙasarmu ne. Ana samunsa a kogunan kudancin Nijeriya da Binin da Kamaru, har sunansa na masana, Erpetoichthys calabaricus, daga garin Kalaba aka ɗauko shi. Jikinsa kore-kore ne mai taurin ɓawo, bayansa da ƙananan fikafikai a jere kamar haƙoran zarto. Yana wuce santimita 30, kuma shi ma macin ƙananan kifaye ne.

Na huɗu kuwa gaiwa ce da kowa ya sani. 'Yar ƙaramarta tana da ban sha'awa a gilashi, amma fikafikanta sirara ne kamar zare, tana kai kusan mita guda, kuma tana da cizo.

Saboda haka idan kin tsaya gaban akwatin mai sayarwa, tambayoyi uku za ki yi wa idonki. Hancin dunƙulalle ne ko mai tsini? Fiffiken baya guda ɗaya ne ƙarami can baya, ko dogo ne, ko jeri ne? Akwai gajerun gashin baki kewaye da baki mai kallon ƙasa? Gani ya kori ji, kada ki tsaya ga abin da aka gaya miki kawai.

Shirya masa ɗaki

Akwatin da ya dace shi ne mai tsawon santimita 60 zuwa sama, wanda ke cin lita 60 ko fiye, wato kusan jarka biyu da rabi irin ta lita 25. Faɗin ƙasa ya fi tsayi amfani, tunda shi mazaunin ƙasa ne. 'Yar ƙwaryar gilashin nan zagayayya da ake ɗorawa a tebur ba ta yi masa ba ko kaɗan. Ki tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in an haɗa da yashi da gilashi nauyin zai wuce kilo 70. A ɗora a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, inda yaro mai rarrafe ba zai ja waya ko ya dafa ya hau ba, kuma nesa da tagar da rana ke shigowa.

A ƙasa ki shimfiɗa rairayi mai laushi, kaurin santimita 3 zuwa 4. Kuli yana ɗibar yashi da baki, ya tace abincin da ke ciki, ya fitar da sauran ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai. Tsakuwa mai kaifi da yashin gini suna cinye masa gashin baki, su yanke fatar ciki, daga nan sai ciwo ya shiga. Ki murza yashin a tafin hannunki, in ya karce ki, to shi ma zai karce shi. A wanke shi da ruwa zalla sau da yawa har ruwan ya fito garau. Duk dutsen da za ki sa, ki ɗiga masa khal tukuna, in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai sa ruwan ya yi nauyi, sai a bar shi.

Maɓoya kuwa ba sai kin kashe kuɗi ba. Ɓawon kwakwa da aka raba biyu aka tafasa, tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa da aka goge bakinsa, guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, duk suna yi. A sama ki sa tsiro mai yawo a kan ruwa domin inuwa. Kainuwa tana wannan aiki sarai, sai dai a wanke ta, a ajiye ta a bokiti daban na mako biyu kafin ta shiga akwati, kada ta shigo da ƙwari. Masu kiwo a duniya suna zuba busasshen ganyen bishiyar Terminalia catappa, 'yar uwar baushe, wadda ake shukawa a harabar makarantu da ofisoshi domin inuwa, mai faffaɗan ganyen da ke yin ja kafin ya faɗo. Ganye biyu ko uku da suka bushe da kansu, aka ɗauraye, sun isa. Ruwan zai ɗan yi kalar shayi, ba datti ba ne, irin na garinsu ne.

A nan ne sirrin yake. Yawan maɓoya shi ke sa kuli ya fito, domin ya san in ya ji motsi mafaka na kusa. A fili fetal kuwa sai ya binne kansa a yashi ya ƙi motsi. Haka ma yawan 'yan uwa. Guda ɗaya ko biyu ba za ki taɓa ganinsu ba, amma daga 6 zuwa sama sai ki tarar da su sun nannaɗe da juna kamar taliya, ko sun rataye a jikin ganye, wani lokacin har da rana tsaka. In kuɗin guda 6 bai samu ba, a jira har ya samu.

Abu biyu kuma da ba a wasa da su. Murfi, domin kuli gwanin sulalewa ne ta ƙaramar kafa, a wayi gari a tsince shi a bushe bayan kujera. Sai bakin matacin ruwa, wanda yake zuƙe shi ciki. A sa wa bakin soso, ko kuma a yi amfani da matacin soso wanda injin iska ke tafiyar da shi. Wannan ɗin ya fi arha, ya fi sauƙin wankewa, kuma ruwansa ba ya tafiya da ƙarfi.

Ruwa shi ne rai

Kuskuren da ya fi kashe kifin ado shi ne a sayi akwati da kifi rana ɗaya. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da wata guba mai suna amoniya. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soson mataci, su suke mayar da amoniya zuwa naitirayit, wadda ita ma guba ce, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke kwashewa. Ƙwayoyin nan suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Saboda haka ki haɗa akwatin, ki kunna mataci, ki riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ba har lokacin ya cika. Akwai kayan gwajin ruwa a shagunan kifi, in amoniya da naitirayit sun nuna sifili, to ɗaki ya shiryu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuli yana son ruwa marar nauyi, mai ɗan tsami ko tsaka-tsaki, wato 5.5 zuwa 7 a ma'aunin pH. Idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana barin farin dasashi a buta, sabulu kuma ba ya kumfa da shi sosai, to yana da nauyi, sai a surka shi da ruwan sama mai tsabta, ban da na farkon damina da ya wanko ƙurar kwano. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke ƙona kafofin numfashin kifi. Akwai maganin ɗigawa da ke kashe shi nan take, kuma ya fi ajiye ruwa ya kwana tabbas.

Duk mako ki zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da siririn tiyo, ki mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Kada a taɓa juye ruwan gaba ɗaya a wanke akwati tas kamar kwanon abinci. Soson mataci kuma a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, domin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan da kika yi makonni kina jira.

Zafin da ya dace digiri 24 zuwa 30 ne, sai ki manna ma'aunin zafi a jikin gilashi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ruwan akwati yana iya wuce ƙa'ida, kuma ruwa mai zafi iskar numfashin da ke cikinsa raguwa take yi. A cire murfin gilashi a sa na ragar sauro irin ta taga, a juya fanka tana busa saman ruwan, in ta kama a jefa rufaffiyar gorar ruwan sanyi ta yi yawo a ciki. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu, ana buƙatar 'yar hita ta akwatin kifi mai ƙarfin wat 50, a lulluɓe akwatin da bargo in dare ya yi. Saboda ɗaukewar wuta, ki tanadi ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji. Kifin da ƙwayoyin matacin duk da iskar nan suke rayuwa.

Cinsa da abokan zamansa

Wasu masu sayarwa sukan ce ai shi mai shara ne, ragowar abinci ta ishe shi. Wannan magana ta kashe kuli da yawa da yunwa. Kifayen sama sun fi shi hanzari, kafin abinci ya sauka sun gama da shi. A ba shi nasa daban, irin dunƙulen abincin kifi mai nutsewa, bayan an kashe fitila. Sau biyu ko uku a mako a ƙara masa da jajayen tsutsotsin da ake sayarwa a daskare ko a bushe, ko tana da aka wanke aka yayyanka ƙanana, daga ƙasar da ba a zuba mata maganin ƙwari ba. Kaɗan ake bayarwa, abin da aka wayi gari bai ci ba a zuƙe shi. Ba ya cin gansakukar jikin gilashi, wannan aikin hannunki ne. In tafiya ta kama ki ta kwana uku zuwa biyar, barinsa haka ya fi a damƙa wa wanda zai juye masa rabin gwangwani.

Abokan zamansa su ne ƙananan kifaye masu lumana da ke yawo a tsakiya da saman ruwa, irin su rasbora da tetra da ƙananan gurami. Kifin zinari bai dace ba, domin shi ruwan sanyi yake so kuma yana da yawan ƙazanta. Oska da ƙarfasa da tarwaɗa kuwa, a wurinsu kuli taliya ce kawai.

Haɗarin da ke cikin ɗakinmu

Wannan ɓangaren namu ne mata, domin mu ke riƙe da ɗaki. Maganin sauro na fesawa, da fiya-fiya, da na kunnawa mai hayaƙi, guba ne mai ƙarfi ga kifi ko da ɗan kaɗan ne. Kafin a fesa a kashe injin iska, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, sai iska ta wanke ɗakin sannan a buɗe a kunna. Kaskon turaren wuta da turaren fesawa ma a nisanta su da injin iska, tunda abin da ya zuƙa shi yake turawa cikin ruwa. Hannun da ke da man shafawa ko humra ko sabulu kada ya shiga akwati sai an ɗauraye shi sosai da ruwa zalla. A ware wa kifi bokitinsa da sosonsa waɗanda omo bai taɓa taɓawa ba.

Yara kuma a zaunar da su a yi musu bayani tun ranar farko: ba a buga gilashi, ba a jefa biskit ko tuwo, ba a tono da tsinke. Maimakon hani kawai, ki ba babban cikinsu aikin ciyarwar dare, ki auna masa abincin a murfin kwalba. Bayan an kashe fitila da kamar rabin awa, su zo da tocila marar ƙarfi su ƙirga kifayen. Yaron da ya saba da cewa akwai wani rai da ke jiransa kullum ya koyi abin da dogon wa'azi ba zai koya masa ba. Duk abin da muka tsare a gilashi, cinsa da lafiyarsa haƙƙi ne a wuyanmu.

Ranar saye da bayanta

Ki zaɓi masu cikar jiki, waɗanda bayan kansu bai rame ba, gashin bakinsu cikakke, babu jan miki, babu fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. In akwai mataccen kifi a akwatin mai sayarwa, haƙura ki dawo wani lokaci. A gida ki ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 domin zafinsu ya daidaita, sannan ki riƙa zuba ruwan akwati kaɗan-kaɗan cikin ledar na rabin awa. Ki kwashe su da kofi saboda ƙayar idon nan, ki zubar da ruwan shago, ki bar fitila a kashe ranar. In kina da wasu kifaye tun da, sababbin su yi mako biyu zuwa huɗu a wani akwati daban tukuna.

Za ki ga kalarsu ta koɗe, kuma za su ɓace na kwanaki. Wannan ba ciwo ba ne, baƙunta ce, kada ki tona yashi nemansu. Wata rana kuma, bayan canjin ruwa ko in hadari ya haɗo, sai ki ga suna zagaya gilashi a guje, shi ma halinsu ne. Abin da zai tayar miki da hankali shi ne numfashi da sauri, ko kwanciya a fili ba motsi, ko fararen ɗigo, ko rama. Matakin farko a gwada ruwa a canza wani ɓangare. Idan sai an sa magani, ki sani fatar kuli ba ta da kariya irin ta sauran kifaye, magungunan da ke da sinadarin tagulla da yawan gishiri suna yi masa illa. A karanta takardar maganin, a bi ƙa'idar da aka rubuta domin kifi marar ɓawo, wadda galibi rabin ta sauran ce.

Game da haihuwa, macen ta fi kauri, in ta ɗauki ƙwai ana hango korensu ta fatar cikinta, namijin kuma fikafikan ƙirjinsa sun fi girma. A cikin saiwar tsiro mai yawo suke zuba ƙwan, sai dai ba kasafai hakan ke faruwa a akwatin gida ba, don haka kada a saya da niyyar kasuwanci.

Kuli da ya samu kulawa yana kai shekara 10 har ya wuce, wato yaron da ke aji ɗaya na firamare yau zai iya shiga babbar sakandare kifin na nan. Saboda haka ki yi shawara da maigida, ku duba wuta da ruwa da wurin ajiyewa. In abin bai samu ba yanzu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa ya samu, a fara da akwati da yashi a wannan watan, kifi sai wata mai zuwa ko na bayansa.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.